Makullan da aka damƙa wa Jenkins: nazarin abin da ya faru a wani kamfanin manhaja a Wuse

Kamfanin ƙarami ne, a hawa na biyu na wani bene a Wuse 2, Abuja. Sana'arsu manhajar makarantu masu zaman kansu: iyaye su biya kuɗin makaranta ta waya, makaranta ta tura musu saƙon tes na shaidar biya, da sanarwar taro, da sakamakon jarrabawa. Makarantun da ke hulɗa da su suna Gwarinpa da Kubwa da Lugbe, wasu har Suleja da Keffi. Mai kamfanin wata Hajiya ce da ta daɗe tana aikin banki kafin ta buɗe nata. Masu rubuta manhajar ba su kai goma ba, har da ɗan bautar ƙasa guda da kowa ke kira Kofa. Ni an kira ni ne bayan ɓarna ta auku, in taya babban injiniyansu bin diddigi, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunan kowa ba.

Kamar yawancin ƙananan kamfanoni irinsu, Jenkins suke amfani da shi wajen haɗa manhaja. Tsohon kayan aiki ne, kuma kyauta. Kohsuke Kawaguchi ne ya fara shi a kamfanin Sun Microsystems da sunan Hudson, aka sauya masa suna zuwa Jenkins a 2011 bayan saɓani da Oracle. Aikinsa shi ne, duk lokacin da wani ya tura sabon kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, ma'ajiya, ya ɗauko, ya gwada, ya haɗa, ya kai saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet, inda jama'a ke amfani da shi. Kafin ya yi wannan kuwa sai an ba shi hanyar shiga kowane waje: ma'ajiyar kod ta GitHub, rumbun bayanai, asusun sabobin da aka yi haya, asusun kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, na kamfanin tura saƙonni, da makullin sa hannu a manhajar Android. Wato kamar maigadin layin shaguna a kasuwar Wuse da kowane mai shago ya bar wa makullinsa ya tafi gida. Wanda ya samu maigadin, ba ya bukatar fasa ƙofar kowa.

Yadda abin ya fito fili

Da safiyar wata Litinin, makon komawa makaranta, iyaye suka fara kiran makarantu cewa sun biya kuɗi ba su ga saƙo ba. Da aka duba asusun tura saƙonni, kuɗin da aka zuba a ciki don zangon karatu gaba ɗaya ya ƙare ƙarƙaf. A daren Asabar da Lahadi wani ya yi amfani da makullin kamfanin ya watsa saƙonnin damfara, irin na “an rufe asusunka na banki, kira wannan lamba”, zuwa lambobin da ba su da alaƙa da makarantun.

Zargi ya fara faɗawa kan wani injiniya da ya bar aiki ba da jimawa ba. Hajiya ta ce a kira 'yan sanda. Babban injiniyan, wanda ita ma Injiniya take ce masa, ya ce, “Hajiya, a ba ni yinin yau tukuna. Idan shi ne, ba inda zai je.” Shawarar ta yi kyau, domin bawan Allahn nan ba ruwansa. Makullin a buɗe yake ga duk mai intanet, kuma ya jima a haka.

Ga yadda aka yi. Duk sirrikan manhajar suna cikin fayil guda mai suna .env, layi bayan layi: kalmar sirrin rumbun bayanai, makullin biyan kuɗi, makullin saƙonni. Wani daga cikinsu ya yi abin da yake gani daidai ne, ya cire fayil ɗin daga ma'ajiyar kod ya loda shi a ma'ajiyar sirri ta Jenkins a matsayin fayil na sirri. Har nan babu laifi. Sai dai a cikin Jenkinsfile, wato rubutun da ke faɗa wa Jenkins matakan da zai bi, akwai layi ɗaya da ke karanta fayil ɗin ya zuba abin da ke ciki ga umarnin export. Jenkins kuwa, idan ba a hana shi ba, yana gudanar da irin wannan mataki ne ta yadda kowane umarni sai an buga shi a rahoton aiki kafin a zartar, kuma a cikakkiyar surarsa, bayan an maye gurbin komai da ainihinsa. Da muka buɗe rahoton haɗi na ƙarshe, a can ƙasa kaɗan, ga layi ya fara da alamar tarawa, sai export, sai sirrikan kamfanin a jere, babu ko harafi ɗaya a rufe. Makullin biyan kuɗi na gaskiya yana kusa da na gwaji, ana iya bambanta su daga farkon sunayensu.

Kofa ne ya yi tambayar da kowa ke da ita a ransa: “Oga, ba Jenkins yana rufe su da taurari ba?” Yana rufewa, amma abin da ya sani kaɗai. Idan aka ba shi kalmar sirri ɗaya ta hanyar withCredentials, ya san haruffanta, duk inda ya gan su a rahoto sai ya sa taurari huɗu a wurin. Idan fayil aka ba shi, abin da yake miƙa wa aikin shi ne inda fayil ɗin yake, ba ya bin abin da ke ciki yana rufewa. Sun zuba sirrika da yawa a buhu ɗaya, shi kuma buhun kawai ya sani.

Da rahoton a rufe yake, da da sauƙi. Amma sabar tana zaune a intanet a kan tasharta ta asali, 8080, kuma an kunna zaɓin da ke bai wa baƙo damar karatu ba tare da ya shiga da suna ba. Dalilin kunna shi ma abin dariya ne in ba don asarar ba: wani shugaban makaranta ya ce yana son sauke manhajar gwaji a wayarsa, ba ya son wahalar kalmar sirri, sai aka buɗe masa “na yau kawai”. Ba wanda ya koma ya rufe. Akwai injuna irin su Shodan da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna lissafa irin waɗannan ƙofofi. Ban da wannan kuma, al'adar ofishin ce idan haɗi ya gaza a kwafi rahoton sukutum a manna a zauren WhatsApp ana tambayar wa ya ga matsalar, zauren da har da masu aikin kwangila na waje a ciki.

Abin da ya fi saƙonnin girma

Injiniya ya so a sauya makullin saƙonni, a gyara layin nan, a rufe ƙofar baƙi, a ci gaba da aiki, tunda mako ne na karɓar kuɗi. Na fahimce shi, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɓarawon ya zaɓi saƙonni ne don su suka fi saurin zama kuɗi a hannunsa. Duk abin da ke layin nan ya gani, kuma ba lallai shi kaɗai ya gani ba.

Sai muka duba ita sabar kanta, muka tarar da abubuwa biyu da suka sa Injiniya ya daina maganar ci gaba da aiki. Na farko, Jenkins ɗinsu ya tsufa. A ranar 24 ga Janairun 2024 masu kula da Jenkins sun sanar da wata ɓaraka mai lamba CVE-2024-23897: hanyar ba shi umarni daga nesa tana ɗaukar duk abin da ya fara da alamar @ a matsayin sunan fayil, ta buɗe fayil ɗin ta karanto. Wanda ba shi da izini ko kaɗan zai iya ganin layukan farko, mai izinin karatu kuwa zai iya karanta fayil gaba ɗaya. An toshe ta a sigar 2.442 da 2.426.3. Tasu ta girmi waɗannan, kuma sun riga sun bai wa duniya izinin karatu da hannunsu.

Na biyu, kwafin ajiya. Jenkins yana adana sirrika a fayil mai suna credentials.xml, a kulle, ba a karanta su da ido. Makullin da ya kulle su yana cikin foldar secrets, a fayil mai suna hudson.util.Secret, shi kuma wannan an kulle shi da master.key, wanda ke zaune a wannan foldar dai. Duk wanda ya haɗa ukun nan a hannunsa ya buɗe komai, kuma akwai ƙananan manhajoji kyauta da ke yin hakan cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa bayanan Jenkins da kansu suka ce a ajiye master.key daban, kada a sa shi cikin kwafin ajiya. Su kuwa kowane ƙarshen mako wani ɗan rubutu yana dunƙule gidan Jenkins gaba ɗaya ya jefa shi a wata foldar Google Drive da duk ofishin ke shiga, har da mai lissafin kuɗi da tsofaffin ma'aikatan da ba a cire ba.

Hajiya ba ta gamsu ba da farko. Ta ce ai an gaya mata a kulle suke. Injiniya ya jawo kwamfutarsa gabanta, ya buɗe shafin da shugaban saba ke rubuta umarni kai tsaye da Groovy, harshen da ake ba Jenkins umarni da shi, ya kwafo wani dogon rubutu mai kama da shirme daga credentials.xml, ya sa shi cikin layi ɗaya, ya danna. Kalmar sirrin rumbun bayanai ta fito a fili. Ya ce, “Ranki ya daɗe, duk mai matsayin shugaba a nan zai iya wannan.” Ta tambaya mutum nawa ne shugabanni. Kowa da kowa ne, har Kofa, saboda tsarin izinin da aka bari tun ranar kafa sabar shi ne duk wanda ya shiga da suna yana iya komai.

Wannan ba aibi ba ne na Jenkins. Dole ya iya buɗe sirrin da kansa, in ba haka ba yaya zai yi aiki da tsakar dare ba kowa a ofis? Abin da mutane ke kasa ɗauka shi ne abin da ke biyo baya: duk wanda zai iya gyara matakan aiki, to makullan da aikin ke taɓawa suna hannunsa. Taurarin nan don kuskure aka yi su, ba don mai niyya ba. Na nuna musu da makullin gwaji: layi ɗaya a Jenkinsfile da ke buga makullin daga baya zuwa gaba, ko ya sa tazara tsakanin haruffa, sai ga shi ya fito, Jenkins bai gane shi ba balle ya rufe. Saboda haka tambayar da ta dace a yi a kan kowane makulli ita ce: wane ne zai iya rubuta umarnin da zai gudana yana riƙe da shi?

Sauya makullai

A nan aka sha wuya. Ba wanda ya iya lissafa makullan kamfanin. Wasu a ma'ajiyar Jenkins, da sunaye irin su “sabo” da “sabo2” da “test”, wanda ashe na gaskiya ne. Wasu an rubuta su kai tsaye cikin saitin ayyuka. Wani yana cikin tarihin Git, manhajar da ke adana duk sauyin da aka taɓa yi wa kod, an goge shi daga fayil amma yana nan daram a tsohon tarihi, sai da aka bi ma'ajiyar da gitleaks, manhajar farautar sirrika a cikin kod, ya fito. Ɗauko kod daga GitHub kuwa duk da tokin, wato makullin shiga, na injiniyan da ya tafi ake yi, na asusunsa na ƙashin kansa. Da ya soke shi ranar da ya bar aiki, kamar yadda ya kamata, da komai ya tsaya cak. Wato mutumin da aka so kai wa 'yan sanda, shi ke riƙe da kamfanin bai sani ba.

Aka yi jadawali mai sauƙi: sunan makulli, abin da yake buɗewa, duk inda ake amfani da shi, wanda ke da ikon sauya shi. Aka fara da na biyan kuɗi, sai asusun sabobi, sai rumbun bayanai, sai sauran. Da dare aka yi, bayan sallar isha, lokacin da iyaye suka rage biya. Duk da haka an yi tuntuɓe: kalmar sirrin rumbun bayanai tana wurare uku, an tuna biyu, na ukun wani tsohon aiki ne da ke haɗa rahoton kuɗi na asuba, sai da wata bursa ta kira da safe aka gano.

Manyan kamfanoni ma sun ga irin wannan rana. A Janairun 2023 CircleCI, wanda sana'arsa ita ce yi wa kamfanoni irin aikin Jenkins, ya nemi duk abokan cinikinsa su sauya kowane sirri da suka ajiye a wurinsa bayan an yi kutse ta kwamfutar wani ma'aikacinsa. A 2021 an gurɓata rubutun Codecov, wani kamfanin auna gwajin kod, da dubban ayyukan haɗi ke saukewa, ya riƙa kwashe sirrikan da ke wurin haɗin yana aikawa waje tun ƙarshen Janairu, ba a farga ba sai Afrilu. A duka biyun, wanda yake da jerin makullansa ya gama da wuri, wanda ba shi da shi ya yi ta lalube.

Akwai kuma ɓangaren doka. Rumbun bayanan bai karɓi haɗi daga waje ba, rahotanninsa ma ba su nuna baƙo ba. Amma makullin saƙonni yana ba da damar duba tarihin saƙonnin da aka tura, a ciki akwai lambobin iyaye da sunayen yara da adadin kuɗin da aka biya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce a sanar da Hukumar Kare Bayanai, NDPC, cikin sa'o'i 72 da sanin ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Injiniya ya yi ɗari-ɗari, yana tsoron kada makarantu su gudu. Hajiya, da ta saba da masu bincike tun tana banki, ta ce a rubuta wa makarantun da hukumar a ranar, da sa hannunta.

Sabon tsari

Ba a gyara tsohuwar sabar ba, sabuwa aka kafa, don babu mai iya rantsuwa ba a bar wani abu a tsohuwar ba. Sabuwar ba ta fuskantar intanet kai tsaye, sai ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga ta ma'aikata kaɗai. Baƙo ba ya ganin komai. Shugabanni biyu ne, Injiniya da mataimakiyarsa. An mayar da adadin ayyukan da uwar sabar, wadda Jenkins kansa ke zaune a kanta, ke gudanarwa da kanta zuwa sifili, duk haɗi yana gudana a wasu injuna daban, domin aikin da ya gudana a kan uwar yana iya miƙa hannu ya karanta foldar secrets.

Gyaran da ya fi muhimmanci a ganina shi ne raba makullai bisa folda. A da duk suna matakin da kowane aiki ke gani. Yanzu akwai foldar gwaji, inda kowane reshe na kod ke haɗuwa, kuma makullan da ke cikinta na gwaji ne zalla, ko sun zube ba kuɗin kowa. Makullan gaskiya suna wata folda dabam mai aiki ɗaya tak, na kai manhaja ga jama'a. Matakan wannan aikin ba sa cikin ma'ajiyar da kowa ke rubutu, suna wata ma'ajiya da sai mutum biyu sun amince ake sauya ko waƙafi. An kuma janye izinin Replay daga kowa a wannan foldar, domin yana barin mutum ya gyara matakai a shafin Jenkins ya sake gudanarwa ba tare da gyaran ya bi ta Git ba. Wannan ƙofa mutane da yawa ba su san da ita ba.

An fasa buhun .env, kowane sirri ya zama shi kaɗai da suna mai ma'ana, ana miƙa shi ga matakin da ke bukatarsa kawai. An sa doka kan alamar zance: umarnin da ke ɗauke da sirri ana rubuta shi cikin alama mai ƙwaya ɗaya ('), ba mai biyu (") ba, don mai biyu tana sa Groovy ya cusa ainihin sirrin cikin umarnin tun kafin a gudanar, har ya bayyana a jerin ayyukan da ke gudana a injin. GitHub ya koma makullin karatu kawai na kowace ma'ajiya, wanda ba na wani mutum ba. Dogon makullin asusun sabobi, irin na AWS, wurin hayar sabobi na Amazon, mai farawa da AKIA, an soke shi, aka liƙa wa injin haɗin matsayin da ke ba shi izini na ɗan lokaci mai sabunta kansa. Kwafin ajiya ya daina ɗaukar master.key.

Masu rubuta manhajar sun yi gunaguni, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare. A da mutum zai gyara matsala ya tura ga jama'a kafin shayinsa ya huce, yanzu sai ya jira Injiniya ko mataimakiyarsa, in ɗaya yana cikin cunkoson Nyanya ɗaya kuma wayarta a kashe, aiki ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa Injiniya, “Oga, wato yanzu mu ne ɓarayin?” Aka ƙara mutum na uku mai ikon amincewa, aka bar sauran yadda yake.

An yi muhawara kan Vault na HashiCorp, wanda ke iya ƙirƙirar kalmar sirrin rumbun bayanai mai mutuwa da kanta bayan ɗan lokaci. Mataimakiyar Injiniya ta nace a kai. Ni na ba da shawarar a dakata: wata saba ce kuma da ke bukatar mai kula da ita, a ofishin da ya bar Jenkins ya tsufa ba sabuntawa, ga haya da dala. Aka tsaya a kan sauya kalmar da hannu a kowane hutun zango, da kuma duk ranar da wani ya bar aiki, sunan mai alhakin yana cikin jadawalin.

Makulli ɗaya ne ya ƙi sauyuwa cikin sauƙi, na sa hannu a manhajar Android, wanda shi ma yana cikin kwafin da ya kwana a Google Drive. Manhajar iyaye tana ƙarƙashin tsarin da Google ke riƙe ainihin makullin, nasu na lodawa ne kawai, sai suka nemi a sabunta shi aka wuce wurin. Amma akwai manhajar malamai da ake raba wa makarantu hannu da hannu, ba ta Play Store ba. Waya ba ta karɓar sabuntawar da aka sa wa hannu da baƙon makulli, kuma wayoyin malaman da yawa tsofaffi ne. Hanyar da ta rage ita ce kowane malami ya goge manhajar ya sauke sabuwa. An ɗage wannan zuwa dogon hutu, Kofa aka ba aikin zagaya makarantun, za a fara da na Kubwa.